Muryar Inna a Bakin Kajori

Ku yi mini afuwa tun kafin ku fara. Ban taɓa rubuta labari ba. Na kuma san cewa wadda ba ta iya gaida baƙo ba tare da muryarta ta yi rawa ba, bai dace ta ɗauki biro ta ce za ta tara jama'a ba. Karatu na sani, shi ma a bayan ƙyaure nake yinsa. Amma abin nan ya tsaya mini a rai, in ban sauke shi a takarda ba ban san inda zan kai shi ba. Inda kuka ga na yi tuntuɓe, ku tsallake.

Sunana Nadiya. Gidanmu yana Kaura Namoda, bayan tashar jirgin ƙasa inda marigayi Babanmu ya yi aiki. Mu uku ne a gidan: Inna, da yayata Ummusalma wadda ta dawo gida tun da aurenta ya mutu, sai ni.

Akwai ta huɗu, sai dai ita ba ta san da zamanmu a duniya ba. Sunanta Kajori Maitra, 'yar fim ce ta ƙasar Bangal, can gabashin Indiya. Ba irin jaruman nan ba ce da kowa ya sani, masu rawa a kan dutse. Finafinanta da yarensu na Bangali ake yi, kuma da wuya a wuce rabin sa'a ba a yi ruwan sama ba. Na karanta duk abin da na samu a kanta lokacin da waya take da sabis. Ubanta mai sayar da tikitin jirgin ƙasa ne a wani ƙaramin gari na bakin kogi, abin da ya fara sa na ji kamar 'yar unguwarmu ce ke nan. Tana da shekara goma sha shida wani darakta ya gan ta tana kai wa uban nata abinci a tasha, ya tafi da ita Kalkata. Ta yi suna, ta auri daraktan, ya hana ta yin fim da kowa sai shi, ta bar masa gidansa da motocinsa ta fita da ɗanta guda. Ɗan ya rasu a wata ambaliya. Daga nan ta rufe ƙofa shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya ga fuskarta. Da ta sake fitowa, furfura ta cika mata kai, ta kuma ƙi yarda a shafa mata baƙi.

A garuruwanmu kuwa, duk wanda ya ji Kajori tana Hausa, muryar Yaya Ummusalma ya ji.

Ga yadda abin yake. Akwai wani mutum mai suna Sodangi da ke da shagon tura finafinai a memori kusa da tashar mota. A bayan shagon yana da ɗan ɗaki da ya manna wa kwalayen ƙwai a bango don kada ƙarar babura ta shiga. Nan yake fassara finafinai. Shi ne muryar duk mazan fim, daga sarki har ɓarawo, wani lokaci har aku. Yaya ce muryar Kajori, shekara biyar, fim goma sha huɗu. Ni ke rubuta musu maganganun. In fim ya zo da rubutun Turanci a ƙasa, in mayar da shi Hausa. In bai zo da shi ba, ba wanda ke jin Bangali a cikinmu, sai in zauna in ƙura wa fuskar Kajori ido in ƙirƙiri abin da ya kamata ta ce. Na san lokacin da girarta ta hagu ke tashi kafin ta yi ƙarya. Na san yadda take haɗiye yawu kafin kuka. Yaya ta bi ta da murya tun tana budurwa mai sayar da fure har ta zama uwar 'ya'ya.

Ba a taɓa sa sunan Yaya a fim ba. Inna ma ta ɗauka aikin buga takardu take yi a shagon kwamfuta.

Shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara, gero ya yi tsayi ya wuce kan mutum, Inna da Yaya suka je suna a Shinkafi. Dangi suka ce su kwana biyu. Yaya ta dage sai sun dawo ranar, don tana da aiki a wurin Sodangi washegari. A hanya 'yan bindiga suka tare motarsu. Harsashi ya sami Inna a cinya, ta faɗi ruf da ciki a bakin wata gona. Aka kora Yaya daji tare da sauran.

Inna ba ta mutu ba. Manoma suka tsince ta, aka ɗinke ta, aka dawo mana da ita a kan katifa. Kwana biyu bayan haka waya ta ɗauke gaba ɗaya. Ba a kira mu ba, mu ma ba mu da wanda za mu kira. Sai zama.

A rana ta goma sha ɗaya wata mata ta yi sallama a gidanmu. Nafisa sunanta, daga Kurya Madaro, ƙafafunta duk sun tsage. Tare aka kama su da Yaya, ita Allah ya ba ta sa'a ta gudo. Ta gaida Inna, sannan ta ja ni bayan ɗaki.

"Yayarki tana da rai," ta ce. "Amma ba ta cin komai. Ruwa kaɗai, shi ma sai mun ɗura mata. Ta ce ta ga uwarta ta hwaɗi ba ta motsi, kuma ita ta ja ta zuwa ga mutuwa. Mun yi lallashi, mun yi hwaɗa. Ranar da na baro su, sai da aka riƙe ta ta je kewaye."

"Ba ku ce mata wataƙila Inna na da rai ba?"

"Mun ce. Ta ce mu da ba mu gani ba, ita da ta gani, wa za a yarda da shi?"

Nafisa ta ƙara mini wani abu. Ta ce duk la'asar mutanen sukan taru a gindin wata kirya, su jona waya da lasifika su kalli fim, ƙarar har inda matan suke tsare. Finafinan Kajori suna cikin waɗanda suke sawa. Ta ce duk sanda aka sa, Yaya sai ta toshe kunnuwanta, kuma tun da suka shiga dajin ba ta taɓa magana da ƙarfi ba, sai raɗa. Nafisa ta ɗauka tsoro ne ya ci mata murya. Ni na gane. Yaya tana jin muryarta tana fita daga lasifikar waɗanda suka kama ta, ta kuma san in suka gane cewa Kajori ce a hannunsu, ba za su sake ta ba har abada.

Ban jira an yi azahar ba na zari hijabi na nufi shagon Sodangi. Na same shi yana fifita da kwalin memori, shago ba kowa.

"Malama ƙarama," ya ce, "in aiki kika zo nema, ga ni nan ni ma shi nake nema."

Na gaya masa komai, ina yi numfashina yana yankewa. Na ce ba waya, ba wasiƙa, ba ɗan aike da zai shiga dajin nan ya fito. Abu guda ne ke shiga ba a tsayar da shi ba: sabon fim. Duk abin da ya fita daga shagonsa, kafin mako ya zagayo ya kai Galadi, ya kai bakin iyaka, waya tana tura wa waya.

Ya daina fifitar. "To in na gane, so kike mu aika wa Ummusalma saƙo ta bakin Kajori."

"E, Baba Sodangi."

"Kajorin da ta ƙare? Sha huɗu gare ni, sha huɗun mun yi. Tsohon fim ba mai karɓa."

"Akwai na sha biyar."

Ya kama kai. "Wancan? Fim ɗin da ba waƙa, ba rawa, ba wanda ya mari wani? Na kalle shi sau biyu, duka biyun sai da aka tashe ni sallah. Ke ko jinjiri kike son ya yi barci, kunna masa shi."

Fim ɗin Kajori na ƙarshe ke nan, wanda ta yi kafin ta bar sana'ar. Ba shi da rubutun Turanci, don haka har yau ban san abin da ke cikinsa ba. Tsohuwa ce a wani gida mai yoyo. Kusan ba ta magana, sai wuri guda. A wurin, ta ɗauko farantin shinkafa da kifi, ta zauna a ƙasa a bakin wata rufaffiyar ƙofa, ta yi ta magana da wanda ke ciki har minti huɗu. Ba a nuna kowa sai fuskarta. Ba a buɗe ƙofar ba har fim ya ƙare.

Na sa ya kunna wurin. Muka kalla. Da ya ƙare bai yi wasa ba kuma.

"Zan yanko faɗa daga wani fim in manna a gaba," ya ce a hankali, "mota ta kama wuta, mutum goma su mutu. In matso da wurin ƙofar nan kusa, kafin su gaji. To amma wa zai yi muryar? Ke? In ta ji muryarki tana cewa uwarku na da rai, cewa za ta yi ƙanwa ce ke lallashi."

Ni ma na san haka tun ina hanya. Muryar Inna kaɗai za ta yi.

Dole in bayyana wani abu a nan, don na ji an ce a birni an fara mantawa da shi. Yaya 'yar fari ce. Inna 'yar Fulanin Banga ce, kuma a gidansu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana ido cikin ido, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. Kara ke nan. Shekara ashirin da shida ban taɓa jin sunan Ummusalma a bakin Inna ba. "Waccan" take cewa, ko "yayarki". In tana son Yaya ta kwashe tuwo, ni take gaya wa, ko da Yaya na zaune kusa da ita fiye da ni. Ko ranar da aka dawo da Inna daga asibiti, da mata suka cika ɗaki suna kukan Yaya, bango ta juya wa fuska ta ce a duba mata ko an ba akuya ruwa.

Na same ta a kan tabarma, ƙafar a miƙe. Na durƙusa na fara daga abin da ya fi sauƙi, cewa waccan na da rai. Ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da jan carbi. Na faɗi maganar abinci. Carbin ya tsaya. Sannan na faɗi sauran: shagon kwamfutar da babu shi, da ɗakin kwalayen ƙwai, da Kajori, da shekara biyar ɗin.

"Mi kic ce?"

Na maimaita, kaina a ƙasa.

"Ashe wagga mata da ke kuka cikin wayar maƙwabta kullum, ina jin kamar na san ta..." Ta dube ni. "Ke ma da ke aka haɗa baki, mai kamar ta Allah? Shiru-shiru ashe ba tsoro ba na."

"Inna, ki dake ni daga baya. Yau kwana goma sha ɗaya ba ta ci ba."

"To ni mi zan yi? Likita nike?"

"Muryarki za ta ji. Ita kaɗai za ta yarda da ita."

"In tahi gaban namiji, in buɗe baki in yi magana da ita? Duniya duka ta ji? Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Ke ba ki da kunya, ni ina da."

Ban san inda na samo abin da na ce ba. Na ce, "Ba da ita za ki yi magana ba, Inna. Da ƙofa za ki yi. Kuma ba ke ba ce, wata tsohuwa ce ta Indiya. Ba wanda zai ga fuskarki."

Na zauna har inuwa ta bar gindin bango, ina jin kamar kowane minti ana zare wa Yaya wani abu daga jiki. Can sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ita tsohuwar, tana da ɗiya?"

"Ta yi ɗa guda. Ruwa ya ci shi."

Sannan ta ce, "Ɗauko mini mayahin Babanku, babban."

Washegari da hantsi muka kai ta a keke napep, ta lulluɓe har ido. Sodangi ya share ɗaki, ya shimfiɗa darduma, ya cire hula ya mayar don ruɗewa. Ba fetur a gari lokacin, batirin sola kaɗai gare shi, ya ce bai wuce ya ɗauke mu sa'a ɗaya ba.

"Hajiya, ga abin magana nan, ba ya cizo," ya ce. "In bakin matar can ya motsa, ki motsa naki. In ya tsaya, ki tsaya. Abu guda, kada ki ambaci suna."

"Wanga bai zama matsala," in ji Inna.

Na riga na rubuta mata layuka takwas, na auna su daidai da leɓen Kajori. Inna ba ta karatun boko, don haka na zauna kusa da kunnenta ina raɗa mata. Muka gwada. Muryarta ta fito kamar mai karanta sanarwar ɓatan akuya. Muka sake, ta tsaya a tsakiya ta ce matar tana kallonta. Karo na uku ta yi tari. Sodangi ya dubi fitilar batirin, ya dube ni. Zufa ta jiƙa takardar da ke hannuna har tawada ta narke.

"Ku hita," Inna ta ce. "Ku duka biyu."

"Hajiya, wa zai danna..."

"Danna ka hita."

Ya danna. Muka tsaya a bakin ƙofa ta waje, ya miƙo mini abin sawa a kunne guda, ya riƙe guda. Ta ƙaramin gilashin ƙofar ina hango fuskar Kajori a kwamfuta. Ta ajiye faranti. Ta haɗiye yawu. Bakinta ya buɗe, sai muryar Inna ta fito, ba ko ɗaya daga cikin layukana.

"Ke da ke ciki. Na san kina jina. Ban mutu ba. Ƙahwa ta, kuma an ɗinke, har na taka ta yau. Wanda duk yac ce miki kin kashe ni, ƙarya ya yi, ko da ke ce da kanki. Ni nac ce mu tahi ma, cikin raina, don ban son tuwon gidan nan da anka ce mu kwana."

Sodangi ya toshe baki, ban sani ba dariya ce ko kuka.

"Ranar da anka haihe ki, ruwa anka yi kwana biyu. Anka miƙo mini ke, na kau da kai, don haka anka koya mini. In ɗaki ya cika, bango nike kallo ina ba ki nono. Amma in kowa ya hita, sai in buɗe zane in ƙirga yatsunki. Kullum. Kamar wani zai ɗauke guda. Da anka kai ki gidan kakarki, ni ke aje ƙwai dahwahhe bisa katanga, ba aljanu ba na. Ban taɓa hwaɗa miki ba. Yanzu ma ba ke nike hwaɗa wa ba, ƙohwa nike hwaɗa wa."

A kwamfuta Kajori ta tura farantin kusa da ƙofar. Inna ta bi ta kamar sun shirya.

"Ga abinci nan. Ki ci. Ko ba gishiri ki ci, ko dussa ta ki ci, ko hannun da ya dahwa ba ya da tsarki ki ci, alhakin bisa kaina. Ban iya zuwa in ɗauko ki. Sai da ƙahwarki za ki zo, kuma ƙahwa ba ta tahiya ba ci. In kin ƙi, to kin kashe ni da gaske."

Bakin Kajori ya rufe. Inna ba ta tsaya ba, ta ƙara cewa, "Ki ci, kin ji? Ki ci," har sau uku, a hankali. Daga baya Sodangi ya ɗora wannan a kan hoton farantin.

Da muka shiga, ta riga ta ja mayafin ta rufe fuska. Abin da ta ce kawai shi ne, "Matar nan ta iya zama bakin ƙohwa." Ba mu sake tayar da maganar ba, ko a gida.

Sodangi ya gama haɗawa a ranar. Ya sa wa fim ɗin suna mai zafi, ya zuba a memori ashirin. Goma ya rarraba a Kaura. Goma kuma dole a kai Shinkafi, inda ya fi kusa da dajin, shi kuwa hawan jini ya hana shi doguwar tafiya. Na ce zan je. Ni da ban taɓa zuwa kasuwa ni kaɗai ba.

Na ɗinke memorin a bakin hijabina, na shiga mota a ayarin da jami'an tsaro ke rakawa. Da muka zo daidai gonar, na gane ta da kwancen geron da ke bakin titi. Wata tsohuwa kusa da ni ta riƙe mini hannu ba ta san ni ba. A Shinkafi na bi rumfunan masu cajin waya ɗaya bayan ɗaya, ina cewa saƙo ne daga Sodangi, sabon Kajori, a tura wa kowa kyauta.

"Kyauta?" wani ya ce. "Sodangin da ko sallama sai ya ga riba yake amsawa? Lalle tashin duniya ya kusa."

Na dawo gida. Sai jira kuma, wanda ya fi na farko muni, don yanzu ina da abin da zan zargi kaina da shi. In fim ɗin bai kai ba fa? In ya kai sun goge shi da faɗan ya ƙare? In ya kai bayan an riga an binne ta? Na je na tambayi wata ma'aikaciyar jinya kwana nawa mutum ke yi da ruwa kaɗai. Ta kalle ni ta ce ya danganta. Fim ɗin kuwa ya bazu a Kaura, ina jin muryar Inna tana fitowa daga gidan maƙwabta, daga shagon mai shayi. Inna takan ce a rufe taga, iska ta yi yawa. Ta rage cin nata abincin, tana tsammanin ban lura ba.

Kwana goma sha tara bayan zuwana Shinkafi aka ce wasu mata sun fito daga daji ta wajen Zurmi. Na ce wa Inna zan je karɓo littafi. Ta ce in tafi da ruwa.

Gidan da aka kwatanta mini cike yake da mata 'yan barka, takalma har bakin zaure. Matar gidan, Gwaggo Kulsumu, ɗaya daga cikin waɗanda suka fito, tana jingine da bango, ta rame kamar kara. Na duba fuskokin waɗanda suka dawo, su huɗu. Babu Yaya. Na rarrafa na samu wuri kusa da tsohuwar, na gaishe ta, na tambaye ta da ƙaramar murya ko ta san wata doguwa, mai wushirya, wadda ba ta magana sai raɗa.

"Mai raɗa!" ta ce da ƙarfi, har mata suka juyo. "Wa bai san mai raɗa ba? Mu har mun yanke mata ƙauna. Ta kai ba ta iya ɗaga kai. Ni da kaina na fara tunanin inda za mu samu ruwan wanke ta."

Na dafa ƙasa.

"Sai wata la'asar sunka sa wani fim. Da fari harbe-harbe, suna ta ihu. Can sai ga wata tsohuwa ta zamna bakin ƙohwa. Wani yac ce a wuce, an cuce su. Babbansu yac ce a bari, muryar kakarshi gare ta. Dajin nan ya yi tsit, wallahi har tsuntsaye. Ni kaina sai da na share ido. In waiga haka, sai na ga mai raɗa ta tashi zamne. Wadda sai mun juya ta! Tana saurare, bakinta buɗe. Da tsohuwar tac ce ki ci, ki ci, sai ta ja ciki har wurin tukunya. Ɗumamen jiya na, ya yi tsami. Ta sa hannu ta ci, ta amayar. Ta goge baki ta sake ci."

"Ikon Allah," mata suka ce. "Wani abin sai a fim."

"Tana ina yanzu?" na ce.

"Bayan mako guda sunka raba mu. Ita da wasu shida anka yi gabas da su, ban san ina ba." Ta ga fuskata, ta kama mini haɓa. "Da ƙahwarta ta tahi, yarinya. Ba ɗaukarta anka yi ba. Har ƙullin wata ta riƙe mata."

Na so in yi kuka, na so in yi sujada, ban samu wurin ko ɗaya ba. Tana daji har yanzu, ba mu san wanne ba. Amma tana ci.

Wata mata mai jan mayafi ta ce ai fim ɗin yana wayarta, bari a ji wurin. Ta kunna. Muryar Inna ta cika ɗakin mutanen Zurmi, tana ƙirga yatsu. Wata ta ce wannan ba muryar 'yan fim ba ce, ta gida ce. Wata ta ce Hausar mutanen Banga ce, ita ta yi aure can, kuma kamar ta san mai ita. Mai jan mayafin ta ce abin mamaki, me ya sa maganar ta kama mai raɗa ita kaɗai? A garuruwanmu yanzu, maganar da aka yi a ɗaki da hantsi tana iya isa daji kafin la'asar, ba a kuma san bakin da ke kai ta ba.

Gwaggo Kulsumu ta fara waige-waige. "Ina yarinyar nan da ta tambaya? Ɗiyar wa ta ce take?"

Lokacin aka shigo da ƙwaryar fura, kowa ya miƙa hannu yana neman ludayi. Na ja hijabina, na bi bayan wata mai goyo har zaure. Takalmina guda na gani, na laluba na samo ɗayan a ƙarƙashin na mutane. Ban tsaya sawa ba. Na riƙe su a hannu na bi lungu zuwa tasha, kafin motar Kaura ta ƙarshe ta cika.